Gyaɗar da Ba Ta Hau Jirgi Ba

Kalmomi biyu na fara riƙewa a Larabcin Masar, tun kafin in iya tambayar hanya: baladi da mustaurad. Mai kayan miya na ƙasan benenmu a unguwar Hayyu Sabi'i ne ya koya mini su, a makon farko da muka sauka Alƙahira, ƙarshen shekarar 2011. Ya ɗaga tafarnuwa ƙanana masu ƙasa a jiki ya ce, "Baladi." Ya ɗaga wasu manya farare tas a cikin raga ya ce, "Mustaurad, daga Sin." Wato ta gida da ta waje. Daga ranar na kafa wa kaina doka: abin da aka ce baladi ne in saya, abin da ya hau jirgi ya zo in bar wa masu hali. Ina ganin na gama gane kasuwar Masar ke nan.

Maigidana, wanda nake kira Malam kamar yadda kowa ke kiransa, karatun digirin digirgir ya kawo shi, a fannin fiƙihu, da tallafin karatu daga jiharmu. Ni sakandare na gama aka yi mana aure, don haka aikina gida ne: girki, wanki, da jiran ya dawo daga ɗakin karatu da jajayen idanu. Shekara ta zagayo na haifi 'yan biyu mata, shi ma ya daina kirana komai sai Uwar 'yan biyu.

A wajen sunansu na haɗu da wata dattijuwa da ta zame mini uwa a ƙasar. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa za su Makka a ƙafa, tafiya ta tsaya musu a bakin Nilu. Yanzu tana zaune a unguwar Faisal da 'yarta. Hausarta irin ta tsofaffi ce, mai gauraye da Larabci, kuma kowa Hala yake ce mata, wato inna. Ita ta yi mini wankan jego, ta dama mini kunun kanwa, ta yi mini faɗa a kan fita ba safa. Tun daga nan duk abin da ya dame ni, Faisal nake nufa.

Da yaran suka fara zama, sai na kama 'yar sana'a. Yayata da ke aure a Kano ta ce mata suna son abaya 'yar Masar. Nakan shiga kasuwar Ataba in zaɓo, in ba ɗalibai masu tafiya hutu, ita kuma ta sayar. Masu dawowa su kawo mini abin da na fi kewa: ƙuli-ƙuli, yaji, daddawa, kuka, da niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kunu. Haka kowane gidan ɗalibi yake yi. In aka ce wani ya sauka daga gida, kafin ya huta an cika masa falo, kowa na jiran ƙullinsa.

Ba don babu gyaɗa a Alƙahira ba. Ina ganinta a shagunan masu suya, a tire, kusa da 'ya'yan kankana da na kabewa. Sau ɗaya na tambayi sunanta, mai shagon ya ce, "Ful sudani." Na maimaita a raina: waken Sudan. Shi ke nan, na jefa ta layin mustaurad, ban ko tambayi kuɗinta ba. Shekara uku ina wuce ta ina kau da kai kamar mai azumi.

Abin da nake alfahari da shi kuwa burodin nan ne mai faɗi, aish baladi. Kullum da safe ina kan layin gidan burodi, ina jin daɗin cewa ga abu ɗaya da babu ruwansa da kowa, alkamar Masar, wutar Masar, hannun Bamasare. Wata safiya a 2013 layin ya yi tsawo har ya karya kwana, mata suna ta guna-guni. Na tambayi ta gabana ko lafiya. Ta ce ana cewa jiragen alkama sun yi jinkiri, gwamnati ba ta da isasshiyar dalar biya.

Na ce, "Wane jirgi? Ai baladi ne."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi dariya har tana riƙe kafaɗata. "Ya habibti, sunan ne baladi. Alkamar da yawanta daga Rasha take."

Na koma gida da burodin a kan raga, yana ta tururi, ina kallonsa kamar baƙon da ya daɗe yana yi mini ƙaryar asali. Da na ba Malam labari ya ce haka ne, har wake da man girki da shayi, da yawa ta teku suke zuwa. Na ce to Allah Ya tsare tekun. Ban san tawa na tafe ba.

A ƙarshen 2014 tawa ta iso. Farko a Ataba na gan ta. Mai shagon da nake sayen abaya ya ƙara kuɗi, bayan sati uku ya sake ƙarawa. Na ce masa, "Ya Hajji, ba a nan bayan shagonka ake ɗinka su ba?" Ya jawo wata ya juya mini cikinta. Ya ce yadin daga Sin, duwatsun ado daga Sin, zaren ma haka, allurar keken ma haka. "Namu a ciki hannun tela ne kawai, ya madam. Sauran duk dala ce, dalar kuma ta ɓuya." A can Kano kuma yayata ta kira ta ce naira ta faɗi, abayar da mata ke ɗauka biyu-biyu yanzu sai su shafa su ajiye. Na tsaya a tsakiya, nan ta yi tsada, can ba mai saya. Sana'ar ta mutu a hannuna ba tare da na yi mata laifin komai ba.

Sai babbar. Tallafin Malam, wanda ake turowa duk wata uku, bai zo ba. Aka ce a yi haƙuri. Wata uku na biyu ma bai zo ba. Na tambaye shi dalili, wata rana bayan la'asar, yana zaune tsakiyar littattafansa. Ya ce farashin ɗanyen mai ne ya karye a duniya. Amurka ta fara haƙo nata da yawa ta rage sayen namu, Sin ta rage gudu a masana'antunta, masu mai kuma suka ƙi rage haƙowa. Kuɗin da tarayya ke raba wa jihohi ya ragu, jiha kuma ko albashi da ƙyar.

Na ce, "Malam, ni me ya haɗa ni da Amurka? Ko taswirarta ban iya nunawa da kyau ba."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. Ya ce, "Tukunyarki ce ta haɗa ku, Uwar 'yan biyu." Sannan ya faɗi abin da ya daɗe yana taunawa. "Ina ganin mu tattara mu koma gida, tun da sauran na tikiti a hannu. In muka cinye shi a haya, ba zama ba tafiya."

Babi biyu suka rage masa a kundinsa. Babi biyu, sai a sa masa ranar munaƙasha, wato zaman da malamai za su yi masa tambayoyi a bainar jama'a su ba shi digirin. In ya tafi a lokacin, takardar zama ta ƙare, rajista ta wuce, malamin da ke duba aikinsa kuma tsoho ne, yana gab da ajiye aiki. Mun san waɗanda suka tafi da niyyar dawowa, har yau suna niyya. Na tuna mahaifiyarsa da ta sayar da tumakinta lokacin da zai taho. Na tuna idanun nan jajaye na kusan shekara huɗu.

Na ce, "Ba ni zuwa azumi. In watan ya kama ban samo abin da zai riƙe haya da tukunya ba, ni da kaina zan ɗaure kayan."

Ya ce, "Da me?"

Na ce ban sani ba tukuna. Gaskiyata ke nan. Na yi istihara kwana uku, ban ga komai a mafarki ba, sai dai zuciyata ta yi ta ja na zuwa Faisal.

Na bar yaran wajen maƙwabciyata, na hau mota biyu da jirgin ƙasa, na sauka a babban titin Faisal inda ƙananan bas ke ihu kamar za su cinye juna. Na sami Hala a kicin, zaune kan 'yar kujera, da babban baho cike da gyaɗa a gabanta, tana murjewa. Za ta yi dakwa, irin niƙaƙƙiyar gyaɗar da mutanen Sudan ke kwaɓa salak da ita. Na zo da kuka a bakina, amma bahon ya mantar da ni.

Na ce, "Hala, a wannan tsadar kike sayen kayan waje baho guda? Ko an aiko miki daga Sudan ne?"

Ta ɗago. "Wane kayan waje?"

"Ful sudani mana."

Ta ajiye faifan. Ta fara dariya a hankali, ta ƙaru, har ta kai tana share hawaye da gefen mayafi tana kiran 'yarta. "Zo ki ji 'yar bokon Najeriya! Shekara nawa a Masar? Ke 'yata, wa ya ce miki daga Sudan take? Suna ne kawai ya bi ta. Nan Isma'iliyya da Sharƙiyya ake nomanta, a cikin yashi, mota ce ke kawo ta. Ko warin teku ba ta taɓa ji ba."

"Wallahi, Hala?"

"Ni zan yi miki ƙarya da furfurata? Kina nan kina sa 'ya'yan mutane suna jigilar ƙuli daga Kano a jirgin sama, gyaɗa na kwance a ƙofar gidanki. Ma'alish, ba komai. Allah Ya ba mu lafiya."

Kunya ta kama ni, amma a ƙarƙashin kunyar wani abu ya motsa. Burodin da aka ce na gida ne, na waje ne. Gyaɗar da aka ce ta waje ce, ta gida ce. Na tuna wata biyu ke nan ba wanda ya sauka daga Najeriya, don tikiti ya gagari ɗalibai, kuma a gidaje nawa na ji ana kukan yaji ya ƙare. Na tuna ni 'yar gidan masu ƙuli ce. Tun ina firamare kakata ke sa ni riƙe turmi tana tuƙa. Ga kaya da ba ya jiran dala, ga masu so da ke riƙe da fam na Masar, kuɗin da mai gidan haya yake karɓa.

Na ce, "Hala, ina ake sayar da ɗanya, buhu-buhu?"

Ta daina dariya. Ta dube ni sosai, ta ce, "Yalla, ɗauko mayafinki."

Da rabin buhu na fara. Na soya a babbar tukunya, na murje, na bakace a baranda, ɓawon yana tashi yana sauka kan shanyar mutanen ƙasa, har sai da na sauka na ba da haƙuri. Wajen niƙa aka sami matsala. Injin markaɗena na kicin ya yi kwana biyu yana ƙoƙari, rana ta uku ya yi ƙauri ya tsaya. Mai gyara ya buɗe ya ce abin da ya ƙone daga Sin ake kawo shi, kuma kaya na can tashar jiragen ruwa sun maƙale. Na ce a raina, wato Sin ɗin nan har kicin ta biyo ni.

Hala ce ta sake fitar da ni. A wani lungu bayan gidansu akwai mai niƙa riɗi, yana yin tahina, wannan farin kwaɓin da Masarawa ke ci da kusan komai. Dattijo ne mai ƙaton gashin baki, da dutsen niƙa na gado wanda lantarki ke juyawa. Muka same shi zaune a ƙofa yana shan shayi, dutsen a tsaye. Hala ta yi masa bayani. Ya girgiza kai tun ba ta gama ba.

"La, la, ya Hajja. Dutsen nan tun zamanin ubana bai taɓa cin komai ba sai simsim. In sa masa sudani, gobe masu saye su ce tahinata ta canja?"

Hala ta ce, "To ina simsim ɗin? Na ga dutsen naka azumi yake."

Ya buɗe hannuwa. Ya ce na gida ba ya isa, na waje kuma ɗan kasuwar da ke kawo masa yana jiran banki ya ba shi dala. Kwana uku yake aiki a mako, sauran ya sha shayi.

Suna wannan ja-in-ja idona ya faɗa kan buhunan da babu komai ciki, an ninke a gefe. A jikin na sama, da koren rubutu, ga sunan ƙasata. Na matsa na taɓa. Na juya bakin buhun, 'yan ƙwayoyin riɗi suka zubo a tafina, farare, irin namu. Mahaifina manomin riɗi ne. Duk kaka 'yan kasuwa na zuwa garinmu da manyan motoci su kwashe, ba mu taɓa tambayar inda ake kai shi ba. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Dattijon ya tsorata. "Me na ce mata? Ya Hajja, me na ce?"

Da guntun Larabcina, Hala na cike mini, na gaya masa wannan daga wajenmu yake, wataƙila ma daga gonar babana. Ya ce shi ɗan birni ne, shekara talatin yana niƙa riɗi bai taɓa ganin sa a tsaye a gona ba. Sai na kwatanta masa: yadda ake yanke shi tun bai gama bushewa ba don kada ya fashe ya zube, a ɗaure dami-dami a jingina su tsaye suna kallon sama, in sun bushe a shimfiɗa tabarma a juya su a kakkaɓe, ka ji yana zuba kamar yayyafi. Ya saurara, shayinsa ya huce a hannu. Da na gama ya tashi ya kunna dutsen.

Ya ce, "Talata da Laraba. Amma ni zan wanke dutsena da kaina, ba na son a taɓa mini."

Ranar Talatar farko ba zan manta da ita ba. Gyaɗar ta fito daga dutsen laushi lilis, tana sheƙi, ta fi duk wadda na taɓa gani a injin garinmu. Ya cika mini babban baho, ya tsaya yana jiran in rufe in tafi. Ni kuwa na roƙi matarsa ta tafasa mini ruwa a buta. Da ya ga na ɗaga butar a kan bahon, ya yi tsalle kamar an taka shi.

"Haram alaiki! Ruwa? Ya binti, za ki kashe shi! Ko ɗigo ya shiga tahina ta ƙulle, ta lalace!"

Na kira shi Ammu, wato baffa, na ce, "Ƙullewar nake so."

"Hajja, ki hana ta! Wannan asarar a shagona za a yi ta?"

Hala ta gyara zama ta ce, "Kai dai sha shayinka."

Na yi bismilla na zuba kaɗan, na kama muciya na fara tuƙi. Kwaɓin ya yi tauri, ya kama muciyar, ya yi duhu. Dattijon ya dafe kai. Na ƙara ruwa kaɗan, na ci gaba, kafaɗuna na zafi, gumi na bin bayana, ina jin muryar kakata tana cewa kada in tsaya in ya fara nauyi. Can sai gefen bahon ya fara ƙyalli. Sai ƙyallin ya taru. Sai ga mai yana kwantowa sama, ja-ja, garai-garai, ƙamshinsa ya cika lungun. Na kwashe da ludayi na cika kwalba, na sake tuƙawa na cika ta biyu. Tunkuzar ta rage a ƙasa, ita ce za a mulmula a soya ta zama ƙuli.

Dattijon ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken ƙofa. Ya ɗiga a yatsa ya lasa. Ya ce, "Allahu Akbar. Da ruwa ta fitar da mai." Ya juya ga matarsa. "Kin gani? Da ruwa!" Matar ta rangaɗa guɗa irin tasu, maƙwabta suka leƙo. Kafin in bar lungun an sayi kwalba biyun nan, don man girkin kanti, wanda shi ma ta teku yake zuwa, kullum ƙara tsada yake. Shi kuma ya ce ladan niƙansa a ba shi a mai, matarsa za ta soya ta'amiyya, irin ƙosansu, da shi.

Daga nan aiki ya kankama. Litinin in soya gyaɗa, Talata da Laraba Faisal, Alhamis in mulmula in soya ƙuli, in daka yaji da citta da barkono da kanumfari. Ranar Juma'a Malam ya tafi masallaci da jaka biyu, ɗaya ta littafi ɗaya ta ƙuli. Da farko na ji nauyin hakan, mutum mai shirin zama dakta. Na ce ko in nemi wata hanya. Ya ce, "Malaman da nake karanta littattafansu, wani mai sayar da yadi ne, wani mai gyaran takalmi. Ni na fi su ne? Miƙo jakar." Ya dawo jakar wayam, yana ba ni labarin wani ɗalibi ɗan Nijar da ya gutsuri ƙuli a harabar masallaci ya rufe ido ya ce a bar shi, ya tafi Maraɗi ya dawo.

Hala ta haɗa ni da masu gasa agashe na Faisal, tsiren mutanen Sudan, wanda ba ya yiwuwa sai da garin ƙuli. 'Yarta, da ke aiki a gidajen ma'aikatan ofisoshin jakadanci a unguwar Muhandisin, ta riƙa kai wa matan Afirka ta Yamma mai da yaji, su kuma suna gaya wa juna. Ba duka ne ya tafi daidai ba. Sau ɗaya na bar wuta ta yi yawa, tukunya guda ta ƙone, gidan ya yi kwana biyu yana ɗaci. Hannuwana suka yi kanta, mai ya fallatsar mini a wuyan hannu, tabon na nan har yau. Wani makon gyaɗar ma ta ɗan hau, mai sayarwa ya ce takin zamani da man mota sun tashi. Na gane ko ita ba ta kuɓuta gaba ɗaya ba, akwai zaren da ya ɗaure ta da waje, sai dai nata siriri ne, bai kai ya shaƙe ni ba.

Ranar da aka ga watan azumi, Malam ya dawo daga wajen mai gidan haya ya ce an sabunta mana haya. Na ce, "To, in ɗaure kayan?" Ya ce, "Ɗaure mini ƙuli dai, gobe akwai masu buɗa-baki." A cikin watan nan ya gama babi na ƙarshe, yana rubutu a falo ina bakace a baranda, 'yan biyu na tsince gyaɗar da ta faɗi suna cusawa a baki.

Na kira mahaifina da salla na ce masa na ga buhun riɗinmu a Masar. Ya ce, "Har can? Me suke yi da shi?" Na ce niƙawa suke su ci da burodi. Ya ce, "Ba sa yin kantu?" Na ce suna da wata alewa mai kama da shi. Ya ce to madalla, a gaishe da mai dutsen, a ce masa bana ma an shuka.

An sa munaƙasha ƙarshen 2015. Zauren ya cika da ɗalibai, fararen kaya da huluna. Na zauna a baya da yarana, Hala a damana. Ana gab da farawa sai ga dattijon mai tahina da matarsa, ya sha jallabiyya sabuwa, tun daga Faisal. Riɗinsa ya iso tun watanni, dutsen ya koma aiki kullum, amma bai taɓa karɓe mini Talata da Laraba ba. Awa uku malamai suna tambaya, Malam na amsawa, ni ba na fahimtar rabin abin da ake faɗa, tasbihi kawai nake ja. Da suka fita shawara suka dawo, shugabansu ya miƙe ya karanta sakamako da daraja ta ɗaya, zauren ya ɗauki kabbara. Matar dattijon ta saki guɗa, Hala ta amsa mata da irin tamu, har wani malami ya ɗago tabarau yana neman inda abin ke fitowa.

Na yi sujada a nan tsakanin kujeru. Da na ɗago, Malam ya ratso mutane ya iso inda nake, da rigar digiri a kafaɗa. Sai ya dubi dattijon ya ce masa da Larabci, "Ammu, rabin takardar nan a dutsenka aka niƙa ta." Dattijon ya ce, "La, ya duktur. Ni na ce kada ta zuba ruwan."

Tallafin bai dawo ba har muka taso. Muciyar da bahon na bar wa 'yar Hala, bayan ta yi wata biyu tana tuƙi a gabana har man ya fara fito mata. Ranar da za mu tafi filin jirgi na sauka wajen mai kayan miya in yi masa sallama, na miƙa masa ƙullin ƙuli. Ya juya shi, ya shinshina, ya tambaye ni, "Mustaurad?"

Na ce, "Baladi."